Inda Aka Kai Amaryar Ƙanƙara

Lungkar,
farkon Nuwamba.

Zuwa ga Kawuna, Subedar Rozi Ali, soja mai ritaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, kuma shigowar sanyi bai tayar maka da ciwon ƙafa ba.

Kawu, ka yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka, alhali rabonka da ni tun ina goye. Ni ce Rubab, 'yar ƙanwarka Gulsum, ina aji huɗu a sakandaren 'yan mata ta Khaplu. Na san abin da ya shiga tsakaninka da Baba tun da ƙanensa ya rasu a aikin dakon soja da ka ɗauke shi, na kuma san Baba ya hana a ambaci sunanka a gidanmu. Inna ce ta ce in rubuto, ta kuma ce in ce ba ita ta ce ba. Na rasa yadda zan bi umarnin biyu, shi ya sa na faɗa maka duka.

Sojojin barikin ƙasan gari sun tsare Baba.

Ka san yadda rafinmu ke ƙafewa daidai lokacin shuka. An bar gonakin sama gaba ɗaya, bana ko sha'ir ɗin gonakin ƙasa bai yi ido ba. Shi ne dattawa suka yanke shawarar a aurar da ƙanƙara kamar yadda kakanni suka yi, don a samu sabuwar uwar ruwa a saman gari, suka ɗora wa Baba jagoranci. An saro namiji daga baƙar ƙanƙarar kwarin gabas mai lulluɓe da tsakuwa, an saro mace daga farar da ke bayan makiyaya. Aka zuba su a kwanduna tare da gawayi da ƙaiƙayi da gorunan ruwa, maza suka goya suka nufi wani kogo can sama. Ka fi ni sanin ƙa'idar. Ba a magana, ba a tsayawa, ba a ajiye kwando a ƙasa, wanda ya gaji sai ya juya baya wani ya karɓa. Ba a kuma sanar da ranar tafiya, saboda baki da ido. Don haka babu wanda ya je ya faɗa wa bariki.

A hanya suka ci karo da 'yan sintiri, sababbi ne da aka kawo daga kudu, ba sa jin yarenmu. Suka ce a tsaya, ba wanda ya tsaya. Suka yi tambaya, ba wanda ya amsa. Ɗayansu ya harba bindiga sama. Apo Jafar, da tsufansa, ya ce har a haƙoransa ya ji ƙarar, amma bai saki igiyar kwando ba. Sojojin suka bi bayansu, numfashi ya gagare su, gajimare kuma ya sauko ya rufe dutsen. Da mutanenmu suka dawo washegari aka kwashe su duka. An saki kowa ban da Baba.

Baba ya faɗa wa Manjo, shugaban barikin, gaskiya. Manjo ya ce to a kai shi ya gani. Baba ya ce ba zai iya ba, domin duk wanda ya kai kaya ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai nuna wurin ba, ba zai koma ba, sai bayan shekara goma sha biyu, idan ƙanƙarar ta kama ta haihu. Manjo ya ce in haka ne, motar ƙarshe da za ta fita kafin dusar ƙanƙara ta rufe mashigi za ta tafi da Baba birnin Skardu, wurin masu bincike. Kowa ya san wanda aka kai can ba ya dawowa da wuri.

Kawu, ka yi shekaru a cikinsu, ka san yadda ake yi musu magana. Don Allah ka sa baki. In na yi kuskure a rubutu ko a ladabi, ka yafe mini.

'Yarka mai biyayya,
Rubab

*

Skardu.

Rubab,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ta hannun Nisar direba, tana warin dizal da albasa. Rubutunki ya fi na magatakardan bataliyarmu kyau. Ki ce wa Gulsum na ji, ba ita ta ce ba.

Ubanki Taki bai canja ba. Na kori alfadarai da yawa a rayuwata, kowanne akwai yadda ake lallaɓa shi ya juya, ban da ubanki.

Tunda ke 'yar makaranta ce, bari in ara miki idon soja ki duba da shi. A ƙasa da mutane ake yaƙi, a sama da dutse ake yi. Wanda ya riga hawa ƙololuwa, mutum goma sun ishe shi ya tare ɗari, ko da jifa ne. Amma mutum goman nan ba iska za su ci ba. Gari, kananzir, harsashi, duk a bayan ɗan adam ake hawa da su, kuma tun kaka ake hawa da su a ɓoye a kogo, kafin hanya ta rufe. Duk wanda kika ga ya wayi gari a kan ƙololuwa da bazara, to tun kaka ya kai kayansa. Yanzu ki faɗa mini abin da 'yan sintirin suka gani. Maza goye da kaya masu nauyi, a ƙarshen kaka, sun nufi wajen layin iyaka da ya raba mu da wancan ɓangare, an tambaye su sun yi gum, an harba ba su waiwaya ba. Wallahi da ni na gamu da su, sai na ɗaure su sannan in gaishe su.

Na san auren ƙanƙara, na ɗauki gora ina saurayi, har yau kafaɗata ba ta manta ba. Amma na kuma san gawayi yana rufe abubuwa da yawa ban da ƙanƙara. Ke kin ga lokacin da aka cika kwandunan da idonki? Kina makaranta. Duk masu dakon 'yan Lungkar ne, ko akwai baƙon fuska? Wa ya zaɓi wurin, kuma me ya sa sai ta wajen layi? Rabin garinku suna da dangi a wancan ɓangare. Yayar ubanki ma can take tun kafin a ja layin.

Ban ce Taki ya yi wani abu ba. Na ce ba zan je in sa wuyana a gaban Manjo a kan abin da ban sani ba. Ki amsa mini, sannan in ga abin da zan iya.

Ki gaishe da Gulsum. Ki ce mata ta ci abinci, na san halinta.

Kawunki,
Rozi Ali

*

Lungkar.

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Na gode da amsarka, ban zaci za ta zo da sauri haka ba. Inna tana gaishe ka, ta sa na karanta mata wurin alfadarai sau biyu, shi ne karo na farko da na ga haƙoranta tun da abin ya faru.

Amma Kawu, sauran takardar ta yi mini ciwo. Baba mutum ne da in tunkiyar wani ta shigo garkenmu ba ya cin abinci sai ya mayar da ita.

Jiya na kai masa abinci. Suna barinmu mu tsaya a bakin waya. Sojan ƙofa ya caccaka gurasar da wuƙa, ya buɗe tulun shayi ya shinshina, ya ce wa ɗan'uwansa soja da harshen Urdu wai mutanen da ke zuba gishiri da man shanu a shayi, ta yaya za a yarda da su. Bai san ina jin Urdu ba. Baba ya rame, yana tari. Bai tambayi komai ba sai ko an gama hawa da ciyawar shanu kan rufi. Ban faɗa masa ina rubuto maka ba.

Garin kuma ya lalace da zargi. Kowa na tambayar yadda aka yi 'yan sintiri suka bi ta wannan hanya a wannan rana. Wasu sun ce Nisar ne, tunda shi ke kai wa bariki dankali. Wasu sun ce Apo Jafar, don an sake shi da wuri, sun manta tare aka saki kowa. Maƙwabta biyu da suka goya wa juna kwando yanzu ba sa gaisawa. Ni ma ban tsira ba. A bakin rafi matar mai injin niƙa ta ɗaga murya ta ce, "Rubab 'yar boko, mun ji an fara aika takarda birni. A gaishe mana da Subedar, a tambaye shi samari nawa yake so na dakon soja bana." Mata suka yi dariya. Na cika tuluna rabi na taho.

Ga amsoshinka. Ban ga cika kwanduna ba, amma Inna ta gani, a tsakar gidanmu aka yi, ita ta tankaɗe ƙaiƙayin. Babu baƙo ko ɗaya.

Wanda ya zaɓi wurin kuma, ba wani daga wancan ɓangare ba ne. Ni ce. A hutun zafi da ya wuce na hau makiyaya tare da mata. Wata karsana ta ɓata, ina nemanta sai hadari ya taso, na fake a wani kogo. A ciki na tarar da ƙanƙarar bara kwance ba ta narke ba, a tsakiyar zafi. Da na sauko na ba Baba labari don kawai ya yi mamaki. Sai ya sa na kwatanta masa hanyar har sau biyu. Ranar rantsuwa maza kaɗai aka kira masallaci. Babu wanda ya tuna da ni, har Baba.

Na faɗa maka ne don ka tabbata babu hannun kowa a ciki. Don Allah ya tsaya tsakanina da kai. Yanzu da ka sani, za ka yi wa Manjo magana?

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Rubab

*

Skardu.

'Yata Rubab,

Wa alaikumus salam. Allah ya yi miki albarka. Yanzu hankalina ya kwanta, na yarda ƙanƙara ce. Matar mai niƙa kuwa ki bar ni da ita, tun muna yara na san bakinta, ya fi injin mijinta ƙara.

Ga ƙunshi nan hannun Nisar. Gyalen ulu naki ne, ganyen shayi na Gulsum, alewa ta ƙannenki.

Na yi magana da wani da ya san Manjo, kuma akwai mafita mai sauƙi. Ba sai Taki ya karya rantsuwarsa ba. Ke ba ki rantse ba. In an ga wurin, a ranar ubanki zai kwana a gida.

Kafin nan ina son ki tuna mini wasu abubuwa. Daga makiyaya zuwa kogon, alfadari zai iya bi da kaya, ko sai ɗan adam? Wanda ke zaune a kan doron dutsen wancan ɓangare zai hango mai hawa, ko hanyar ta bayan dutse take bi? Bakin kogon ina yake kallo? Kin ga alamar zaftarewa a kusa, kamar sababbin duwatsu da suka gangaro? In mutum ya hau saman kogon, me yake hangowa? Cikinsa kuma, mutum nawa za su iya kwanciya?

Ki amsa waɗannan kawai. Wurin kansa kada ki rubuta, zan zo da kaina ki kai ni, iska za mu sha ni da 'yata. Kada ki faɗa wa Taki tukuna, kin san shi. Gulsum ma ki bari sai an gama.

Ki yi sauri, sama ta fara canja launi.

Kawunki mai ƙaunarki,
Rozi Ali

*

Lungkar.

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ƙunshi ya iso, mun gode, Allah ya saka. Yara sun cinye alewar tun Nisar bai juya mota ba.

Kawu, zan faɗi wata magana, in ta yi kama da rashin kunya ka yafe mini, ba haka nake nufi ba.

Malamarmu ta lissafi kullum tana cewa kafin mu amsa tambaya mu duba abin da mai tambayar yake nema. Na karanta takardarka sau da yawa. A ta farko, damuwarka abin da ke ƙarƙashin gawayi. A ta biyu ba ka tambayi abin da ke cikin kogon ba ko sau ɗaya. Ka tambayi alfadari, ka tambayi wa ke hango wa, ka tambayi wurin kwanciya. Idan Manjo makamai yake tsoron an ɓoye, zuwa zai yi ya tona ya gani ya sauko. Me ya haɗa shi da mutum nawa za su kwanta a ciki?

Akwai kuma wani abu. Ka san Nisar, bakinsa ba ya rufuwa ko yana tauna. Yana miƙo mini ƙunshin ya ce, "'Yar gidan Subedar, kawun nan naki ya zama babban mutum. Na je karɓar saƙo na tarar da koriyar jif a ƙofar shagonsa, aka bar ni a waje har shayina ya yi fata." Na tambaye shi jif ɗin wa. Ya ce shi direba ne, lamba yake ganewa, kuma lambar ta barikinmu ce. Ka ce ka yi magana da wani da ya san Manjo. Ashe ba Manjon ba ne da kansa?

Ganyen shayin ma irin na kantin soja ne, amma na san ana sayar wa masu ritaya, don haka ban sa shi a lissafi ba. Ba na son in zarge ka da abin da ba ka yi ba. Na ga yadda zargi ya mayar da garinmu.

Na saɓa maka a abu ɗaya, na faɗa wa Inna, domin ban iya ɓoye mata ba. Ban samu sauƙi ba. Ta ce in kai ka kawai. Ta ce ƙanƙara ba ta taɓa saro mata itace ba, ba ta taɓa tashi ta duba yaro mai zazzaɓi ba, ita mijinta take so. Na ce mata mutanen gari fa, da wahalar da suka sha. Ta ce mutanen gari suna kwana da mazajensu. Tun daga nan in na shiga ɗaki sai ta bi ni da ido.

Ban amsa tambayoyinka ba, kuma ba zan amsa ba sai ka faɗa mini abin da za a yi da kogon. Gyalen yana nan a ƙunshe, ban yafa ba. Ba raini ba ne. Ina so in san ko kyautar kawu ce.

Ka yi haƙuri da ni.

'Yarka,
Rubab

*

Skardu.

Janar Rubab,

Wa alaikumus salam. Da ina da irinki biyu a bataliya da na yi ritaya da yatsun ƙafata cikakku, da sanyi bai cinye su ba.

To, ga ta a fili. Manjo ne ya zo. Ni na koya masa ɗaura igiya yana ƙaramin hafsa. Tun ranar farko ya san ƙanƙara ce, yaransa sun ga ruwa na ɗiga daga kwanduna a kan hanya. Abin da ya hana shi sukuni daban ne. Tsofaffi goye da kaya sun haura sun ɓace a wurin da taswirarsa ta ce babu hanya.

Ki saurara da kyau, domin wannan ba a koyar da shi a Khaplu. A kan doron da ke fuskantar kwarinku akwai mazaunin sojojin wancan ɓangare, suna kallon hanyar da muke kai wa namu abinci. Manjo yana son ya kawar da idon nan. Zai iya hawa musu ta gaba, a fili, yaransa na tafiya taku biyar suna tsayawa neman numfashi, na sama na zaɓarsu ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa yin irin wannan hawan, ba na son in ba ki labarinsa. Zai iya neman jirgi mai saukar ungulu, amma a can iska ba ta da kauri, mutum biyu da jarka ɗaya yake ɗauka, kuma ana jin ƙararsa tun daga nesa. Abin da ya rage shi ne ɓoyayyiyar hanya zuwa wani wuri da ya fi nasu tsayi, inda mutane kaɗan za su yi hunturu a ɓoye, su ga hanyar abincin abokan gaba, su faɗa wa masu igwa inda za su jefa. In an yanke wa na sama abinci, da kansu za su sauka, ba sai an kashe yaran mutane a gangare ba.

Abin da ƙanƙara ke so a kogo shi soja ke so: inuwa, rufin dutse, nesa da zaftarewa, nesa da ido. Kin samo wa ubanki wurin auren ƙanƙara, kin samo wa Manjo sansani, ba ki sani ba.

Ba zan ƙara yi miki kwana-kwana ba. In sojoji suka zauna a can da rishonsu, kafin bazara sun narkar da amaryar da angon sun sha shayi da su. In wancan ɓangare suka gane, za su yi ta jefo wuta, kuma ba kowane harsashin igwa ke faɗuwa inda aka aike shi ba. Wasu za su faɗo Lungkar.

Amma ki juya ta ɗaya gefen. Su ma suna da tabaron hangen nesa, su ma suna da makiyaya masu neman karsana. In suka riga mu, rufin gidanku yana ƙarƙashin ƙafarsu, kuma su ba za su aiko wa kowa kawu ya yi tambaya ba. Dutse irin wannan ba ya daɗewa babu kowa a kansa. Wannan ne ya sa na yarda na tambaye ki, ba don an ba ni wani abu ba. Na ɓoye miki ne don na ɗauka yarinya ce ke. Gyalen kuma matata ce ta saƙa shi.

Ban faɗa wa Manjo ke ce ba. Ya san dai akwai wanda bai rantse ba a gidan Taki, kuma ba wawa ba ne. In ya tambaye ki da kansa, ban san yadda za ki yi ba.

Taki yana tari, kin ce. Ɗakunan masu bincike babu risho. Nisar ya ce motar ƙarshe cikin makon nan ne. Ni na gama nawa, saura ke.

Allah ya zaɓa mana mafi alheri.

Kawunki,
Rozi Ali

*

Lungkar.

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina rubutu da sauri, Nisar zai bi bayan motar sojoji kafin mashigi ya rufe.

Jiya na je na faɗa wa Baba komai a bakin waya, har da sunanka. Ya saurara kansa a ƙasa, bai ɗaga ido ya kalli dutsen ba ko sau ɗaya, saboda sojan ƙofa na kallonsa. Da na gama ya ce, "Ke ba a rantsar da ke ba, Rubab. Ba zan ce ki faɗa ba, ba zan ce kada ki faɗa ba. In kin faɗa, ba zan yi fushi da ke ba." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na san kaina. Na san in na ga an sa shi a mota, ko in Manjo ya kira ni ya yi mini magana a hankali, zan faɗa. Shi ya sa daga bariki ban biya gida ba, na wuce masallaci, na roƙi Apo Jafar ya kira malam. Malam ya ce shi bai taɓa rantsar da yarinya a kan ƙanƙara ba. Apo ya ce shi ma bai taɓa ganin yarinya ta samo kogo ba, a miƙo mata Littafin. Na dafa, na faɗi abin da maza suka faɗa.

Yau da hantsi aka tafi da Baba. Ya ɗaga mini hannu. Inna ba ta yi mini magana ba tun jiya.

Ban san ko daidai na yi ba. In bazara ta zo aka ga mutanen wancan ɓangare a saman Lungkar, kana da ikon cewa ka faɗa mini.

Kafin takardar nan ta iso ka, Baba yana garinku. Na ba Nisar bargonsa da man shanu da busasshen 'ya'yan itace. Don Allah ka nemi inda aka ajiye shi, ka kai masa, ka haɗa da maganin tari. Zai iya juya maka baya. Ka ajiye kawai ka tafi.

Kawu, ban gama yarda da kai ba, kuma na san ba daidai ba ne 'ya ta faɗa wa kawunta haka. Amma a takardarka ta ƙarshe ba ka ɓoye mini komai ba, kuma ba ni da kowa a Skardu sai kai. An ce ko hanya ta rufe, wasu kan tsallaka mashigi a ƙafa idan sama ta yi kyau. In na samu mai tafiya, ka yarda in sake rubuto maka in tambayi lafiyarsa?

'Yarka,
Rubab